Antiyoksidan da ƙodar da rugujewar tsoka ta taɓa

Masu tallan magani a Facebook sun cika mana kunne da kalmar antiyoksidan, har mai zoɓo ma ya fara faɗinta. Ma'anarta ba wuya. Ka fasa goro ka ajiye, jim kaɗan sai ka ga ya sauya launi, iska ce ta ci shi kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Irin wannan cin yana faruwa a cikin jiki, kuma duk sinadarin da ke tare shi, kamar bitamin C da bitamin E, shi ake kira antiyoksidan.

To ina ruwan ƙoda? Idan tsoka ta ruguje, ko gini ya danne mutum, ko haɗarin mota a hanyar Kaduna, ko dukan kawo wuƙa, ko motsa jiki fiye da kima a zafin Afrilun Zariya, wani jan sinadari mai suna mayogulobin yakan kwararo daga tsokar ya shiga jini. Likitoci na kiran wannan rabdomayolisis. A 1941 likita Eric Bywaters ya bayyana shi a jikin mutanen da aka zaƙulo daga ɓaraguzai a Landan lokacin ruwan bama-bamai na Yaƙin Duniya na Biyu.

Mayogulobin na ɗauke da sinadarin ƙarfe. Idan ya isa ƙoda sai ya toshe ƙananan bututunta, ƙarfen kuma ya shiga cin bangonsu, musamman in jiki ba ruwa. Fitsari ya koma kalar baƙin shayi, daga baya ya ragu ko ya ɗauke.

Nan tunanin antiyoksidan ya shigo: a tare cin kafin ya yi ɓarna. An gwada bitamin C, da wani mai suna asetilsistin, har da farasitamol, an kuma ga sun rage lahanin. Amma a ɓeraye aka yi yawancin gwajin, kuma ɓera ba mutum ba ne. Ni dai ina ganin masu talla sun riga malam masallaci.

Abin da aka tabbatar yana ceto shi ne ƙarin ruwa da wuri, leda bayan leda, ana auna fitsari da sinadarin fotashiyam, wanda in ya hau yana iya tsayar da zuciya. In ƙodar ta gaza sai wankin ƙoda a babban asibiti irin na Shika a Zariya. Wanda ya ga fitsarinsa ya yi duhu bayan duka ko wahala, kada ya nufi kemis neman diklofenak ko ibufurofen don ciwon jiki, su ma ƙodar suke ƙara wa nauyi.