"Taurin jijiya": wace jijiyar ake nufi?

Kwanan nan duk tashar da ka murɗa sai ka ji mai tallan magani yana rantsuwa cewa garinsa na "sassauta taurin jijiya". Mai sagewar ƙafa an ce masa taurin jijiya ne, mai ciwon baya ma haka. Harshenmu ne ya ba su ƙofa: da kalma ɗaya muke kiran hanyar jini, da wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, har da agarar da ke gagarar haƙori a cikin nama.

Su likitocin zuciya, jijiyoyin da ke ɗauko jini daga zuciya suke nufi, musamman babbar da ta ratsa ƙirji ta gangara ciki. Tana da danƙo. Zuciya ta buga, ta buɗe ta karɓi jinin, sannan ta tsuke ta tura shi gaba a hankali. Tsufa, hawan jini, ciwon suga da ciwon ƙoda ne ke cinye danƙon nan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu haɗa tauri da toshewa, har da wasu masu farar riga. Toshewa kitse ne ke taruwa a bangon jijiya har hanya ta ƙuntata. Sunan "atherosclerosis" da likita Bajamushe Felix Marchand ya raɗa mata a 1904 ma daga kalmar Girkanci "athere" ya samo shi, wato kunu, don abin da ake tararwa a ciki kamar kunun yake. Shi kuwa tauri, hanya na iya zama a buɗe wangale, bangon ne ya bushe kamar tsohon tiyo da ya shekara a rana.

To yaya ake auna shi? Ku tuna igiyar shanya. In ta yi sako-sako ka daki gefe ɗaya, girgizar za ta tafi tana rangwaɗa. In an ɗaure ta tamau, kafin ka ɗauke hannu ta isa ɗaya ƙarshen. Haka kowane bugun zuciya ke aika girgiza a bangon jijiya. Sai a ɗora na'ura a wuya, wata a matsematsi, a auna tazarar da awon tela, a raba da lokacin da girgizar ta ɗauka. Gudun girgizar ake aunawa fa, ba gudun jini ba. Jinin kansa bai kai ko kusa ba. A matashi mai lafiya gudun girgizar wajen mita 6 ne a daƙiƙa. Ƙungiyoyin likitocin zuciya da na hawan jini na Turai sun sa iyakar haɗari a mita 12 a 2007, suka mayar da ita mita 10 a 2013 bayan an gyara lissafin tazarar. Wanda gudun girgizarsa ya haura haka ya fi fuskantar ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, ko da awon jininsa bai yi muni ba.

Ni dai ban ga dalilin da zai sa kowa ya tashi neman wannan na'ura ba. Abin awon hawan jini na kemis yana ba da haske. Dattijon da awonsa ya nuna 160 bisa 70, tazarar 90 da ke tsakanin lambobin ita ce abin kai wa likita, don daga 60 zuwa sama a tsoho ana zargin jijiya ta yi tauri.