Dutsen Dala

Dutsen Dala, ko kuma Dala kawai kamar yadda Kanawa ke cewa, wani tsauni ne a cikin tsohon birnin Kano, a ƙaramar hukumar da ita ma sunansa ta ci wato Dala. Ana ƙiyasta tsayinsa da mita 534 daga saman teku, amma kar wannan lamba ta tsorata mutum, don ita kanta Kano a kan tudu take, abin da za ka hau daga gindinsa zuwa sama bai taka kara ya karya ba. Akwai matakala ta siminti da aka yi masa, yawanci ana cewa guda 101 ce, mai lafiya cikin 'yan mintuna ya kai, sai dai dattijo ko mai ciwon gwiwa ya ɗan tsaya ya huta a tsakiya.

Abin da ya sa baƙi ke son hawa shi ne Kano shimfiɗaɗɗen gari ne, a cikin tsohon birni babu wasu manyan tuddai sai shi da ɗan'uwansa Goron Dutse da ke can yamma, to da zarar ka kai sama sai ka ga birni ya baje maka ta ko'ina, ga hasumiyoyin Babban Masallacin Juma'a, ga wajen Gidan Rumfa inda fadar sarki take, ga sashen Kasuwar Kurmi, ga rufin kwano da soraye sun cakuɗe da lunguna har iya ganinka. Da sassafe ko bayan la'asar ya fi daɗi, don da rana tsaka babu inuwa a sama. Lokacin hunturu kuwa in hazo ya sauko to ka yi hawan banza, ko Goron Dutse da kyar za ka hango.

Dutsen nan dai shi ne asalin garin. Ƙasarsa ja ce mai tama, kuma binciken masu tono kayan tarihi ya nuna ana narkar da ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7. Littafin Tarihin Kano ya ce sunan wani mutum ne, Dala, da ya zo ya zauna a kai, kuma daga zuriyarsa aka samu Barbushe, babban bokan Tsumburbura, abin bautar mutanen wurin kafin zuwan Musulunci. An ce Barbushe ba ya saukowa sai sau biyu a shekara, jama'a su taru da baƙin bunsuru da baƙin kare da baƙar kaza, shi kaɗai yake shiga wurin tsafin ya fito ya faɗa musu abin da zai faru, har ma ya taɓa ce musu wani baƙo zai zo ya mulke su. Bagauda, sarkin Kano na farko, ya zo a 999, amma tsafin bai mutu nan take ba, sai zamanin Sarki Tsamiya a ƙarni na 14 aka rushe wurin.

Har yanzu akwai ranar da Dala ke cika maƙil, wato ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, yara da 'yan mata da samari kowa ya ci ado a yi ta hawa ana sauka har yamma. Wasu malamai ba sa son al'adar, suna ganin ragowar zamanin maguzanci ce, masu yi kuma su ce murnar sunan Manzon Allah (SAW) suke.

Maganar gaskiya wurin yana buƙatar gyara. Zaizayar ƙasa tana cin gefensa duk damina, gidaje sun matso har gindinsa, ga shara a wasu ɓangarori. Baƙo zai fi jin daɗi in ya samu ɗan unguwa ya raka shi, ya riƙe ruwan sha, ya sa takalmin da ba ya santsi, kuma ya sauko kafin magariba.