Ranobe na Japan Ba Littafin Zane Ba Ne

Mutane da yawa da suka san labaran Japan ta hanyar fina-finan zane sun daɗe suna ɗaukar ranobe a matsayin wani nau'in manga, wato littafin da hotuna ke ba da labari. Wannan kuskure ne. Ranobe ƙagaggen labari ne a rubuce, shafi bayan shafi, kuma zanen da ke ciki bai wuce na bango da 'yan shafuka kaɗan da aka warwatsa a tsakiya ba. Galibi ana buga shi a ƙaramin littafi mai shiga aljihu, kuma sassan kamfanonin wallafa da suka yi suna da shi sun haɗa da Fujimi Fantasia Bunko da aka kafa a 1988 da Dengeki Bunko na 1993.

Abin da ya jawo ruɗanin shi ne yadda labarin da ya karɓu yakan koma manga, daga baya kuma fim, har wanda ya fara da fim ɗin ya zaci can ne asalinsa.

Kuskure na biyu, wanda ya fi damuna, shi ne cewa labaran yara ne marasa nauyi. Misali, littafin ranobe mai suna 86 na Asato Asato, wanda ya fito a 2017, yana ba da labarin matasan da ƙasarsu ta ƙwace musu 'yancin zama 'yan ƙasa saboda launinsu, sannan ta tura su fagen yaƙi tana shaida wa jama'a cewa babu ɗan Adam da ke mutuwa a can. Soyayyar da ke cikinsa tana tasowa ne tsakanin kwamanda da sojan da suka daɗe suna jin muryar juna kawai ba tare da sun haɗu ba.