Enzaim ba ƙwayar halitta ba ce, a tambayi dodon koɗi

Kwana biyun nan duk mai tallar maganin gyambon ciki ko sabulun wanki sai ya cusa kalmar enzaim a bakinsa. Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne wanda na ji a rediyo yana rantsuwa cewa maganinsa na ɗauke da "enzaim masu rai da ke hayayyafa a hanji". Ya haɗa abu biyu ya dama. Mai rai, mai hayayyafa, ita ce bakteriya. Enzaim kuwa sinadari ne, galibi furotin, wanda jiki ko bakteriyar ke ƙerawa domin ya hanzarta ayyuka irin su farfasa abinci. Ba ya ci, ba ya haihuwa, kuma zafi mai yawa na lalata shi. Bakteriya maƙera ce, enzaim guduma.

Sunan ma ya taimaka wajen rikicin. Wani Bajamushe, Wilhelm Kühne, ya ƙirƙiro shi a 1877 daga Girkanci, ma'anarsa "a cikin yis". Sai a 1897 wani masanin kimiyya, Eduard Buchner, ya niƙe yis har ba sauran ƙwaya mai rai, ya tace ruwan, ruwan kuma ya ci gaba da mai da sukari barasa. Tun lokacin aka rufe gardamar ko sai da ƙwaya mai rai enzaim ke aiki, amma ga dukkan alamu labarin bai kai ga masu talla ba.

Dubi ƙaton dodon koɗi, wanda masana ke kira Lissachatina fulica, ɗan asalin Gabashin Afirka. Yana cin tsirrai sama da iri 500, yana cin takarda, har shafen bango yakan kankara don neman sinadarin da zai gina ƙwansonsa. Harshensa kamar zarto yake, cike da dubban ƙananan haƙora. Amma kankara ba narkarwa ba ce. Ganye cike yake da selulos, wannan zare mai tauri da cikin ɗan Adam ba shi da enzaim ɗin farfasa shi. Dodon koɗi na tara abincin a wata jaka kafin ciki, cikin ruwa mai duhu, kuma a nan selulos ke komawa sukari. Wani kaso na enzaim ɗin jikinsa ne ke fitarwa, wani kuma bakteriyar da ke zaune a hanjinsa, waɗanda mu a Hausa muke yi wa kuɗin goro da sunan "ƙwayoyin cuta", alhali su ke ciyar da maigidan.

Abin da ya fi burge ni: masu bincike sun daɗe suna tatsar ruwan cikin wani ɗan'uwansa na Turai, Helix pomatia, domin ya narkar musu da bangon ƙwayar yis a ɗakin gwaji. Wato abin da aka laƙaba wa suna "a cikin yis", a cikin dodon koɗi ake ɗebo shi a fasa yis ɗin.