Tusar jaki a tafin ƙafa: abin da ake nufi da ita da yadda ake maganinta

Ɗan yayata da ke makarantar kwana a Argungu ya dawo hutu yana ɗingishi, yana taka ƙafar hagu a karkace. Da aka duba sai ga wani abu mai tauri a dunduniyarsa, faɗinsa bai wuce ƙwayar wake ba, da ɗigo-ɗigo baƙaƙe a tsakiya. Uwarsa ta ce ƙaya ce ta karye a ciki, kakarsa ta ce kanta ce, maƙwabci kuma ya ce a kira wanzami ya tono saiwar. Sai a asibiti aka ce mana tusar jaki ce.

Kowa ya san tusar jaki a hannu ko a fuska, ɗan tsiro mai kaushi da ke tasowa a kan fata. Ta tafin ƙafa ita ma ita ce, sai dai nauyin jiki yana danne ta kullum, don haka ba ta samun damar tasowa, sai ta nutse ciki, fata mai kauri ta rufe ta. Shi ya sa mai ita yake ji kamar tsakuwa ce a cikin takalminsa.

Jaki dai babu ruwansa, suna ne kawai. Abin da ke kawo ta ƙwayar cutar bairos ce da likitoci ke kira HPV. Ire-irenta sun haura 100, kuma waɗanda suka fi kama tafin ƙafa su ne na 1, 2, 4, 27 da 57. Ba su ne masu jawo sankarar bakin mahaifa ba, kuma rigakafin da aka fara yi wa 'yan mata a Najeriya a 2023 don masu jawo sankarar aka yi shi. Ƙwayar tana shiga ne ta ɗan yanka ko tsagewar fata. Ka tuna yadda faso ke tsattsaga dunduniya lokacin hunturu, ko yadda ƙafar manomin shinkafa ke yin laushi bayan ya yini a ruwan fadama. Daɓen banɗakin da yara da yawa ke shiga ba takalmi, da silifas ɗin da ake ara a wurin alwala, duk hanyoyi ne. Takan yi watanni a ɓoye kafin ta bayyana, don haka da wuya mutum ya tuna inda ya ɗauko ta.

Ga yadda za ka bambanta ta da kanta. Matse wurin daga gefe da gefe da yatsu biyu: tusar jaki ta fi zafi a haka, kanta kuwa sai an danna ta kai tsaye. Sannan dubi zanen fata. A kan kanta layukan suna wucewa abinsu, a kan tusar jaki kuwa sukan yanke su zagaye ta.

Baƙaƙen ɗigon nan su ne suka fi ruɗa mutane. Ana ce musu saiwa ko iri, alhali ƙananan jijiyoyin jini ne da jini ya daskare a cikinsu. Cutar a saman fata take zaune, ba ta da saiwar da ta kai ƙashi. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yaron da za a danne a tona masa ƙafa da aska, ko a ɗora masa ƙarfe mai zafi, ko a ɗiga masa ruwan batir. Wurin ya zama gyambo, ƙwayar ta bazu a gefe, tabon da ya rage a tafin ƙafa kuma yakan fi tusar jakin ciwo.

A jikin yara, kusan biyu cikin uku sukan ɓace da kansu cikin shekara 2, idan garkuwar jiki ta gano ƙwayar. Ta manya ta fi naci. Idan tana hana tafiya, maganin farko shi ne sinadarin salisilik asid da ake sayarwa a kemis, na ruwa ko na filasta. A jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi kamar minti 5, a goge matacciyar fatar da dutsen goge kaushi, a shafa basilin a kewaye don kada lafiyayyar fata ta ƙone, sannan a sa maganin a kan tsiron kaɗai. Kullum ake yi, wani lokaci har mako 12, kuma nan ne haƙurin mutane ke ƙarewa. Dutsen kada wani ya yi amfani da shi. Idan ta ƙi, likitan fata na iya daskarar da ita da ruwan naitirojin, sau da yawa sai an maimaita.

Mai ciwon suga, da wanda ƙafarsa ba ta jin taɓi sosai, kada ya taɓa sa wannan magani da kansa, ya je asibiti. Haka duk wanda ya ga baƙin tabo a tafin ƙafa yana faɗaɗa, yana canza launi ko yana zubar da jini, domin akwai sankarar fata da ta fi fitowa a daidai wannan wuri a jikin baƙar fata, kuma farkonta tana iya kama da tusar jaki.