Waiwaye: Daga rumbu zuwa mudun awo, yadda gidajen Gombe suka rabu da tanadi

Duk shekara idan damina ta ƙarato, da zarar hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ta fitar da hasashenta, hukumar lura da koguna da ambaliya, NIHSA, kuma ta lissafa ƙananan hukumomin da ambaliya ka iya shafa, sai gidajen rediyon Gombe su cika da faɗakarwa: a yashe magudanan ruwa, mazauna bakin kogi su tashi, kowane gida ya tanadi abinci da ruwan sha da magani na 'yan kwanaki, a ƙulle muhimman takardu a leda. Daga nan sai muhawara ta kaure a majalisu da Facebook. Wasu su ce mutanenmu ba sa jin gargaɗi sai ruwa ya shigo ɗaki. Wasu su ce wanda bai san inda tuwon dare zai fito ba, da wane baki za a ce masa ya ajiye na kwana uku? Kowa da tasa gaskiyar, sai dai ana maganar kamar jiya lamarin ya faro.

Tarihin da aka fi sani gajere ne. Farin da ya kama Arewa a farkon shekarun 1970 shi ya sa aka kafa hukumar agajin gaggawa ta ƙasa a 1976, sannan NEMA ta gaje ta a 1999. Madatsar ruwa ta Cham da ke jihar Gombe ta ɓalle a 1998, ruwa ya yi ɓarna a cikin garin Gombe a watan Agustan 2004, sai manyan ambaliyoyin 2012 da 2022 da suka raba miliyoyin 'yan ƙasa da muhallansu. Ita kuwa shawarar tanadin kwana uku, tsari ne da aka daɗe ana yi a Amurka, Tarayyar Turai ma ta ba al'ummarta irinta a watan Maris na 2025.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne, akwai lokacin da magidanci a ƙasar Gombe ke da tanadin da ya zarce shekara, ba tare da kowa ya yi masa shela ba. Gero da dawa a dami ake shigar da su rumbu, da zangarniyarsu, ba a sussuke ba. Hatsin da aka ajiye haka yakan kai shekara biyu har uku bai lalace ba. Maigida ne ke buɗe rumbu, ya fitar da damin da za a ci, kuma a gidan da ake gandu abin kunya ne a ƙarar da hatsin bara kafin a ga yadda daminar bana za ta kaya. Mata kuma suna da nasu tanadin a ɗaki: garin kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, barkono, ga randa cike da ruwa, ga rijiya a tsakar gida ko a ƙofar gida. Mutanen da kakanninsu suka ga yunwar Kakalaba ta 1914 ba sa wasa da wannan.

A tsakiyar shekarun 1970 Gombe ta shiga sahun farko, tare da Funtuwa da Gusau, na yankunan da aka fara manyan shirye-shiryen bunƙasa noma. Takin zamani da ingantaccen irin masara suka yaɗu, amfanin gona ya ƙaru, manoma da yawa suka yi rufin kwano, suka sayi babur, suka sauke farali. Alheri ne babba, babu mai musun haka. Amma a gani na, a nan ne ɗabi'ar ajiya ta fara sauyawa cikin gidajenmu, a hankali, ba tare da an lura ba. Masara ɓare ta ake yi a zuba a buhu, kuma hatsin buhu cikin 'yan watanni ƙwari ke kama shi idan ba a sa magani ba. Sannan masara ba ta yi sai da taki, taki kuma da kuɗi ake saye, sau da yawa da bashi. Wanda ya ci bashin taki dole ya kai kaya kasuwar Tudun Hatsi tun da kaka, lokacin da farashi ke ƙasa, ya dawo yana awo da mudu a tsakiyar damina, lokacin da ya fi tsada. Tanadin gida ya koma kuɗi a aljihu, kuɗi kuwa biki ɗaya ko jinya ɗaya ke cinye su.

Sauran abubuwa suka biyo baya. Gandu ya watse, an raba gonaki gado, babban rumbu ɗaya ya zama tukwane biyar kowace da nata cefanen. Tsoron ɓarayi ya sa masu rumbu a bayan gari suka kwashe hatsinsu. Da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, jama'a suka kwararo, gidajen haya suka yawaita, har a kan hanyar ruwa. Mai ciki da falo a gidan haya, wanda ruwan shansa ma sai 'yan garuwa sun kawo, ina zai kafa rumbu? Ba ina cewa rumbu maganin komai ba ne. Na laka ne, ambaliya mai ƙarfi takan rushe shi. Amma akasarin bala'o'in da ke samun mu ba sa rushe gida, hanya suke tsarewa, su rufe kasuwa, su ninka farashi, kamar yadda aka gani lokacin kullen korona a 2020, da kuma Agustan 2024 da ruwa ya yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum da ke maƙwabciyarmu Bauchi.

Shi ya sa nake ganin faɗakarwar da ake yi a watan Yuni ta makara ga talaka, domin a lokacin buhunsa ya riga ya ƙare. Lokacin da manomi ke da abin ajiyewa shi ne Oktoba zuwa Disamba. Kuma dabarar tana hannunmu: buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ke hana iska shiga har ƙwari su mutu, manoman wake a Gombe sun daɗe da saninsa, yana kuma riƙe masara da dawa ba tare da an zuba magani ba. Buhu ɗaya irinsa yana shiga lungun ɗakin haya.