Shigar ruwan lagireto cikin baƙin mai a tsohuwar tarakta mai amfani da gas

Shigar ruwan lagireto cikin baƙin mai matsala ce da ake yawan samu a tsofaffin injinan tarakta masu amfani da man gas, wato ruwan da ke zagaya inji yana sanyaya shi ya samu wata ɓaraka ya gangara cikin kaskon mai na ƙasa ya cakuɗu da baƙin mai. A ƙa'ida hanyoyin biyu ba sa haɗuwa sam, abin da ya raba su kawai gasket ne (shimfiɗar da ke toshe tsakanin ƙarfe biyu) da robobi da kaurin ƙarfen inji, toh idan ɗaya ya ci amana shikenan. Illar babba ce, domin mai da ruwa ya shiga ba ya iya riƙe santsinsa tsakanin karanshaf (sandar da fistin ke juyawa) da metal (gammon ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa), idan kuma ruwan akwai sinadarin gilaikol na kulant (ruwan sanyaya inji mai kala da ake sayarwa) a ciki abin ya fi muni, yana mai da man kauri ya toshe filta ya kuma haifar da asid mai cin metal ɗin.

Alamomi

Alamar da kowa ya sani ita ce kalar mai, ka zaro geji ka ga ya koma fari-fari mai ruwan ƙasa kamar an dama shi da madara. Sannan mai yana ƙaruwa a geji alhali ba wanda ya ƙara, ruwan lagireto kuma kullum raguwa yake babu digo ko ɗaya a ƙasa. Wani lokaci har da farin hayaƙi a salansa wanda ba ya ɗaukewa ko inji ya yi zafi, ko kumfa tana tasowa a bakin lagireto.

Amma fa ba duk farin abu bane ɓaraka. Taraktar da ake tayarwa minti kaɗan a kashe ba ta yin zafin da zai ƙone raɓar cikin inji, sai kaga farin kumfa a ƙarƙashin murfin zuba mai kawai, gejin kuma lafiya lau. Haka wadda aka bari a fili salansarta na kallon sama ba a rufe ba, ruwan sama na iya bi ta nan ya wuce bawul ɗin da ke buɗe ya sauka kan fistin har ya gangara ƙasa. Shi yasa ake fara tambaya ko ruwan lagireto yana raguwa da gaske. Idan mai na ƙaruwa amma ya tsinke yana warin gas, wannan gas ne ke shiga, wata matsala ce daban.

Inda ruwan ke bi

Mutane da yawa da sun ga farin mai sai su ce gasket ɗin tof silinda (murfin ƙarfen da ke rufe saman silindar inji) ne ya ƙone, kuma eh yana faruwa sosai musamman bayan inji ya yi obahitin (zafi ya wuce kima), amma a tarakta wannan saurin yanke hukunci ya sa an sauke tof da yawa a banza. Abu na farko da ya kamata a sani shine irin silif ɗin da injin yake da shi, wato bututun ƙarfen da fistin ke kai-komo a cikinsa. Akwai mai jiƙaƙƙen silif, wanda ruwa ke taɓa jikinsa kai tsaye, a gindinsa robobin zobe ne kawai ke tare ruwa, irinsa ne a Fordson Major mai gas da ya fito a 1952, da injinan International irin D-179 da D-239, da yawancin na John Deere. Waɗannan robobin idan sun tsufa ko zafi ya dafa su sai su bushe, ruwa ya riƙa sauka kai tsaye cikin kasko ba tare da ya bi ta ɗakin ƙonewa ba, kaga babu hayaƙi babu kumfa, inji na aiki daram amma mai na fari. Su kuwa Perkins 3.152 na Massey Ferguson 135 da 4.236 busasshen silif gare su, wanda ruwa ba ya taɓa shi, ba su da waɗannan robobin, saboda haka zargi ya fi komawa kan gasket da tof.

Akwai kuma cin da ruwa ke yi wa jiƙaƙƙen silif ta waje. Duk bugun fistin silif yana ɗan girgiza, girgizar na haifar da ƙananan kumfa a jikinsa suna fashewa da ƙarfi, a hankali suna ɓantarar ƙarfen har rami kamar na allura ya huda shi. Injin gas ya fi na fetur fama da wannan saboda ƙarfin matsinsa, kuma wanda aka shekara ana zuba masa ruwa zalla babu sinadarin kariya irin naitirait shi ya fi saurin hujewa. Ford 3000 da 4000 da 5000 da aka fara a 1965 ba su da silif ma gaba ɗaya, a jikin bulok (gangar jikin inji) aka huda silindar, kuma an san su da wannan ciwon na hujewar bango.

Sauran wuraren su ne tsagewar tof ko bulok, da ƙananan marufan ƙarfe da ke toshe hanyar ruwa a saman tof ƙarƙashin murfin bawul idan tsatsa ta cinye su, da oyil kula (na'urar da ke sanyaya baƙin mai da ruwan lagireto) ga injin da yake da ita. Ita oyil kula tana da wata alama tata, idan inji na aiki ƙarfin mai ya ninka na ruwa nesa ba kusa ba, don haka mai ne ke shiga lagireto, sai an kashe inji ƙarfin mai ya faɗi sannan ruwa ya komo ta wannan ɓarakar.

Yadda ake ganowa

A bar tarakta ta kwana, da safe a ɗan sassauta notin juye kaɗan ba a cire shi ba, ruwa ya fi mai nauyi shi zai fara fitowa, idan yana da kalar kulant magana ta ƙare. Kada a ɗanɗana, gilaikol guba ne duk da zaƙinsa. Ana kuma ɗiga man a kan ƙarfe mai zafi kamar digiri 150, idan da ruwa zai yi tartsatsi. A ɗakin gwaji kuwa sinadaran sodiyam da fotasiyam da gilaikol ake nema a cikin man.

Gwajin da ya fi duka shine na matsin iska. A juye mai, a kwance kaskon ƙasa, a cika lagireto, a ɗaura famfon gwaji a bakinsa a buga iska daidai lambar da ke rubuce a murfin, yawancin tsofaffin taraktoci tsakanin fam 4 zuwa 7 ne na matsin iska (psi), kar a wuce don tsohon lagireto na iya fashewa. Sai a kwanta ƙasa da tocila a yi haƙuri, wani lokaci sai an jira awa guda ko fiye. Digon da ke fitowa ta wajen gindin silif robobi ne, wanda ke gangarowa ta cikin silinda ta gefen fistin kuwa ko silif ya huje ko gasket ko tof ya tsage, idan kuma ta hanyar dawowar mai daga sama yake zuwa sai a buɗe murfin bawul a duba. Wata tsagar ba ta buɗewa sai ƙarfe ya yi zafi, shi yasa wasu makanikai ke cika injin da ruwan zafi kafin su buga iskar.

Idan ana zargin ruwa ya taru a kan fistin kar a yi kuskuren buga sitata, ruwa ba ya matsuwa, kwanrod (sandar da ta haɗa fistin da karanshaf) zai lanƙwashe. A cire nozil (mai fesa gas cikin silinda) tukuna a juya inji da hannu a ga wace silinda ce ke feso ruwa.

In an sauke tof ɗin, fistin da ya fita fes babu baƙin hayaƙi shi ne ruwa ke wankewa. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar tof a auna ko ta lanƙwashe, a duba tsakanin bawul da bawul don nan tsaga ta fi fitowa, kuma tun da kasko a kwance yake a buɗe metal ko da guda biyu ne a ga halin da suke ciki. Bayan gyara ana juye mai sau biyu a kusa-kusa da sabuwar filta kowane karo, domin ragowar gurɓataccen mai na maƙalewa a lungunan inji.